Kaza Ba Ta Gumi: Darasi a Kan Kiwon Kaji Lokacin Bazara

 Da wuya a sami gida a cikinmu inda ba a kiwon kaji. Waɗansu suna da biyar ko goma masu yawo a tsakar gida, waɗansu kuwa sun gina ɗaki sun zuba kajin gidan gona hamsin ko ɗari. Ɗalibai da yawa, in za su faɗi gaskiya, kuɗin sabulu da na littafin rubutu da suka zo da shi makaranta daga akurkin mama ya fito. Saboda haka mutuwar kaji a watan Maris da Afrilu ba ƙaramar hasara ba ce, ta isa mu zauna mu yi nazari a kanta.

Ni kaina na sha wannan ɗaci. Wata shekara na sayi 'yan tsaki 40 na kajin nama a watan Fabrairu, da niyyar in sayar da su lokacin Ista. Suka yi kyau ƙwarai har maƙwabta suna zuwa kallo. A mako na shida, wata rana na dawo gida wajen ƙarfe 3 na yamma, sai na tarar da guda 9 a kwance sun mutu, su ne kuwa manyan cikinsu. Na zargi abincin, na zargi cuta, har na soma zargin mutane. Da malamin dabbobi ya zo, bai ko buɗe jakarsa ba. Ya ɗaga kai ya dubi rufin kwanon da ya kusa taɓa masa hula, ya tsoma yatsa cikin ruwan shansu, sa'an nan ya ce, "Malam, tsoma naka ka ji." Ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jariri. Ashe zafi ne ya kashe su, rabin zafin nan kuwa ni na ƙara musu da hannuna.

Yadda jikin kaza yake fama da zafi

Zafin jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne a ma'aunin Selsiyas. Na kaza kuwa wajen digiri 41 ne. Tana sanye da gashi daga wuya har cinya, kuma fatarta ba ta fid da gumi ko kaɗan. Mu in rana ta yi zafi, gumi ya karyo mana, iska ta busar da shi, sai mu ji sanyi. Kaza ba ta da wannan hanya.

Ku tuna da abin da kuka koya a darasin kimiyya, cewa zafi yakan tashi daga abu mai zafi ya tafi ga wanda bai kai shi zafi ba. Lokacin da iska take digiri 21, tsakaninta da jikin kaza akwai ratar digiri 20, don haka zafin jikinta yana fita a sauƙaƙe ta ƙafafu, da zanko, da jan naman nan da yake reto a ƙarƙashin bakinta. Kaza ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. In iska ta kai 38, ratar ta koma digiri 3 kawai. In kuwa cikin ɗaki ya kai 41, ƙofa ta rufe ke nan, zafi ba shi da wurin zuwa. A Sakkwato, da Maiduguri, da Yola, digiri 40 a watan Afrilu abin kullum ne, wannan kuwa a inuwa ake auna shi. Mutanen Jos suna da sauƙi gama suna kan tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye, amma ko a can ƙaramin ɗaki mai rufin kwano yana iya zama tanda da tsakar rana.

To, me kaza take yi? Da fari takan buɗe fikafikanta ta sake su, domin iska ta taɓa wurin da gashi bai yi kauri ba. Takan tona ƙasa ta kwanta ta manna ƙirjinta a wuri mai sanyi. Takan rage cin abinci, ta ƙara shan ruwa. In duk wannan bai isa ba, sai ta buɗe baki ta shiga haki. Hakin nan shi ne guminta. Iskar da take shiga da fita da sauri tana busar da danshin maƙogwaro da hanyoyin numfashi, ruwan da ya zama tururi kuwa yana tafiya da zafi mai yawa. Zafin da ake bukata kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi ya fi ninki biyar na wanda ake bukata a ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Ku riƙe wannan, gama kusan dukan dabarun da za mu ambata a kansa suke tsaye.

Amma haki yana da tsada. Aiki ne, aiki kuwa yana haifar da wani zafin. Banda haka, kaza mai haki tana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima. Ɓawon ƙwai kusan dukansa sinadari ɗaya ne da na farar ƙasa, wato kalshiyam haɗe da kabonet, kabonet ɗin kuwa daga wannan iskar kabon ta cikin jini kaza take samo shi. Shi ya sa a bazara ƙwai yakan zo ƙarami, mai ɓawo marar kauri, yana fashewa tun a hannu. Mutane sukan ce mai haɗa abinci ya yi ha'inci, alhali sau da yawa numfashin kazar ne ya canja. Zakara ma ƙarfin haihuwarsa yakan ragu, sai a ga kaza ta yi kwanci kwana 21 ta tashi ta bar baragurbi da yawa. In zafin jikinta ya ci gaba da hawa ya doshi digiri 46 ko 47, mutuwa ce.

Ruwa

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak daga cikin wannan darasi, ruwa zan zaɓa. Kaza mai yin ƙwai takan ci abinci wajen giram 110 zuwa 120 a yini, ta sha ruwa kusan rubu'in lita. A tsananin zafi shan nan yana iya ninkuwa ya kai rabin lita. Bari mu yi lissafi. Mai kaji 20 yana bukatar lita 10 a yini, wato rabin jarka mai cin lita 20, ban da wanda zai zube da wanda rana za ta shanye. Ɗan kaskon nan da ake cikawa sau ɗaya da safe a wuce gona ko kasuwa ba zai kai azahar ba. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙwai ruwa ne, don haka kazar da ta yi 'yan sa'o'i da ƙishi tana iya yin kwanaki kafin ta koma yin ƙwai yadda ta saba.

Yawan ruwan kaɗai bai isa ba, sai ya zama mai sanyi. Kaza ba ta son ruwa mai ɗumi, takan tsoma baki ta janye ko da ƙishi yana damunta. Baƙin tankin roba da aka ɗora a rana, da bututun da ya bi ta ƙarƙashin rufin kwano, da mazubin ƙarfe da aka bari a fili, duk tukwanen dafa ruwa ne. A nan kakanninmu sun riga mu sani. Randa da tulu suna tsatsar da ruwa kaɗan kaɗan ta jikinsu, iska tana busar da shi, na ciki kuwa yana yin sanyi. Dabarar haki ce dai a jikin tukunya. Da wannan ilimi ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ku ajiye randa ɗaya a inuwa musamman domin kaji, a riƙa ɗiba daga ciki ana canja musu da safe, da wajen ƙarfe 12, da kuma la'asar. Wanda yake da firiji da wuta, ya daskarar da ledar fiya wata biyu ko uku ya jefa cikin mazubin da rana.

A ƙara yawan mazubai, a rarraba su. Kazar da zafi ya galabaitar ba ta tashi ta yi tafiya mai nisa neman ruwa, kuma masu ƙarfi sukan tare wurin su hana raunana. Mazubin ya yi zurfin da za ta tsoma baki har jan naman haɓarta ya jiƙe. Na 'yan tsaki kuwa a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su nutse. A wanke shi kowace rana, gama ruwa mai ɗumi da ɓurɓushin abinci gonar ƙwayoyin cuta ce.

Akwai garin bitamin da gishirin jiki da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi domin zubawa a ruwa lokacin zafi. Yana taimako, musamman bitamin C, wanda kaza take yi da kanta a jikinta amma ba ya isarta in ta wahala. A bi awon da aka rubuta a jikin takardar. Masu manyan gonaki sukan ƙara sodar yin kek a abincin kajin ƙwai domin gyara ɓawo. Wanda zai gwada wannan ya nemi awo daga malamin dabbobi, ya kuma lura ƙwarai kada ya ɗauko sodar yin sabulu, gama wannan guba ce mai ƙuna.

Ɗakin kaji

Ɗaliban labarin ƙasa sun san cewa a yankinmu, tsakanin digiri 9 da 13 arewa da tsakiyar duniya, rana takan tsaya daidai bisa kanmu da tsakar rana a cikin watan Afrilu. Ma'anarsa ita ce rufi ne yake karɓar dukan dukan rana. Kwano yakan yi zafin da ba a iya dafa shi da hannu, ya kuma sauke zafin nan a kan kajin da suke ƙasa kamar yadda garwashi yake gasa tsire ba tare da ya taɓa shi ba. Maganin ba shi da tsada. A shimfiɗa ciyawa, ko karan dawa, ko tsohuwar zana a bisa kwanon, a ɗaure da kyau saboda iskar farkon damina. In babu, a shafa farar ƙasa, gama fari yana mayar da hasken rana. Rufin ciyawa zalla ya fi duka sanyi, sai dai yana tara ɓeraye da ƙwari, yana kuma tsoron wuta.

Mai shirin sabon gini ya sa tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin rana ta bi ta kan rufi, ƙananan bangaye biyu su tare ta safe da yamma. Dogayen ɓangarori biyu, na kudu da na arewa, a yi musu gajeren bango kamar bulo biyu ko uku, sauran a sa ragar waya har sama. Rufin ya yi tsawo, ya kuma zarce bango da kusan mita ɗaya. Na ga ɗakunan kaji da yawa da aka gina kamar ɗakin ajiyar hatsi, bulo har sama da 'yar taga guda, domin tsoron ɓarawo. Na gane damuwar, amma zafi yana iya kwashe a yini ɗaya abin da ɓarawo ba zai iya ɗauka a wata guda ba.

Itatuwa abokan mai kiwo ne. Darbejiya da mangwaro suna riƙe ganye a bazara lokacin da aka fi bukatarsu. Sai dai a sassare rassan ƙasa domin inuwa ta sauka a rufi, iska kuma ta wuce ta ƙarƙashi. Ciyayi masu tsawo, da tulin itacen girki, da buhunan da aka rataya tun hunturu don tare sanyi, duk a kawar da su daga jikin raga. Ita ragar ma a share ta, gama ƙura da gashi da saƙar gizo suna toshe ta fiye da yadda ake zato.

Ana iya jiƙa buhun algarara a rataya ta gefen da iska take shigowa, ko a yayyafa ruwa a kan ciyawar rufi da ƙasar da take kewaye da ɗakin. Wannan yana aiki sosai a Maris da farkon Afrilu sa'ad da iska take a bushe. Amma in hadari ya soma haɗuwa, iska ta yi nauyi, mu kanmu gumi ya ƙi bushewa a jikinmu, to jiƙaƙƙen buhu ba ya ƙara kome sai danshi. A irin ranakun nan hakin kaza ma ba ya yi mata amfani sosai, domin iskar da take shaƙa ta riga ta ƙoshi da ruwa. Su ne ranaku mafi hatsari, ko da ma'auni bai nuna zafi kamar na Afrilu ba. Abin da ake bukata a lokacin shi ne iska mai motsi, a cire duk abin da ya tare ta, mai fanka ya kunna. Kada kuma a jiƙa shimfiɗar ƙasan ɗaki. Dusar katako ko buntun shinkafa in ya jiƙe yana fid da wari mai yaji a ido, yana kuma kawo zawon jini. A bazara a rage kaurinsa zuwa kamar santimita 5.

Kowace kaza ƙaramin murhu ce, saboda haka cunkoso yana ƙara zafi. Manyan kajin ƙwai kada su wuce 4 ko 5 a murabba'in mita ɗaya a wannan lokaci. In wuri ya yi kaɗan, gara a sayar da waɗansu tun suna da rai.

Kajin gida masu yawo suna da wayon neman inuwa da kansu, a ƙarƙashin rumbu ko gindin randa. Nasu hatsarin da dare yake. Bangon akurki ya yini yana shan rana, da dare sai ya riƙa sake zafin a ciki, ga shi an toshe ƙofar da faifan kwano da dutse saboda muzuru. Kazar da ta sami dare mai sanyi takan huce ta iya jure gobe, wadda ta kwana tana haki kuwa da gajiyar jiya take shiga zafin yau. Ƙofar ragar waya mai ƙananan idanu, da 'yan ramukan iska can sama da aka rufe da raga, sun isa su hana muzuru da maciji su kuma bar iska ta wuce. Da rana a zuba bokitin ruwa a gindin itace inda suke birgima, za ku ga yadda za su taru a wurin.

Lokacin ba da abinci

Wannan shi ne kuskurena na biyu a waccan shekara. Nakan cika musu mazubi kafin in fita wajen ƙarfe 9, ina ganin gata nake yi musu. Narkar da abinci yana haifar da zafi a jiki, zafin nan kuwa yakan kai ƙarshensa 'yan sa'o'i bayan ci. Kazar da ta cika ciki da hantsi, zafin abinci da zafin rana za su haɗu mata da azahar. A ba su abinci da asuba, da zarar gari ya waye. Manyan kajin nama, daga mako na biyar zuwa sama, a ɗage mazuban abincinsu wajen ƙarfe 9 ko 10, a mayar bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a kuma bar musu fitila na 'yan sa'o'i da dare su rama cin da suka rasa. Ruwa kam ba a ɗage shi daɗai. Kajin ƙwai a ba su kaso mafi yawa da yamma, tare da garin ƙashi ko ɓarzajjen dutsen farar ƙasa, domin yawancin aikin gina ɓawo da dare ake yinsa. Ganyen zogale, da ragowar alayyafo, da ɓawon kankana abin marmari ne mai ruwa a jiki, amma ba su maye gurbin abinci.

Duk aikin da zai sa a kama kaji ko a kore su, kamar rigakafi, ko sauya ɗaki, ko kai su kasuwa, a yi shi da sassafe ko da dare. Ɗaure kaji a rataye su kai ƙasa a bayan babur da tsakar rana zalunci ne, hasara ce kuma. Ƙwai a kwashe shi sau uku a yini a ajiye a wuri mai sanyi. 'Yan tsaki suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35 a makon fari, amma a bazara rana ta riga ta ba su wannan, sai a kashe fitila ko murhun gawayi da hantsi. In sun watse sun manne da bango suna buɗe baki, zafi ya yi musu yawa.

In kaza ta riga ta faɗi, a ɗauke ta a hankali zuwa inuwa mai iska, a tsoma ƙafafunta da ƙirjinta cikin ruwan randa, a shafa ruwan a zanko da ƙarƙashin fikafikai. Kada a sa ruwan ƙanƙara, kada kuma a ɗura mata ruwa a baki da ƙarfi, gama yana iya bin hanyar numfashi ya shaƙe ta. A ajiye ruwan a gabanta, in ta farfaɗo za ta sha da kanta.

Lalle ne mu iya bambanta zafi da cuta. Hakin zafi yakan zo da rana ya lafa da dare, ya fi kuma kama manya masu ƙiba. In kaji suna haki tun da sanyin safiya, suna koren zawo, ko wuyansu yana murɗewa, a yi zaton cutar Newcastle, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da take Vom take yin maganin rigakafinta. In kuwa suna mutuwa da yawa farat ɗaya, fuska a kumbure, zanko ya yi shuɗi, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a Jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006. Irin waɗannan ba a yanka su, ba a ci, ba a sayarwa. A kira ma'aikatan lafiyar dabbobi nan da nan.

Irin kazar ma yana da nasa. Kajin nama na gidan gona an ƙirƙiro su ne su yi nauyi cikin mako shida ko bakwai, su ne kuwa suka fi kowa kasa jure zafi. Kajinmu na gida ƙanana ne, sun saba da ƙasar. Kazar nan mai wuya babu gashi, wadda yara suke yi wa dariya, gashin jikinta bai kai na sauran yawa ba, saboda haka ta fi su sauƙin fid da zafi, kada a yi saurin yanka ta. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta fitar da kazar ƙwai mai suna ShikaBrown domin yanayin ƙasarmu. Mai son kiwon kajin nama don kasuwar Ista ya ƙirga makonni tun kafin ya sayi 'yan tsaki, ya ga a wane wata za su yi nauyi, ya gyara rufi da ruwa tun a Janairu.

Ga aikin da nake so kowane ɗalibi ya yi in ya koma gida hutu. Ka nemi ma'aunin zafi na bango, ka rataye shi cikin ɗakin kaji daidai tsawon kan kaza, ba daidai tsawon kanka ba. Ka rubuta abin da ya nuna da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana bakwai, tare da yawan ƙwan da aka kwasa kowace rana. Sa'an nan ka nemi izinin baba ko mama ka shimfiɗa kara a rufin, ka sake aunawa na waɗansu kwana bakwai. Wanda ba shi da ma'auni ya shiga ɗakin da ƙarfe 2 ya tsuguna na minti biyar, ya ƙirga kajin da bakinsu yake buɗe, ya tsoma yatsa a ruwansu. Ku zo da abin da kuka rubuta a makon farko na sabon zango, za mu kwatanta na masu zuwa daga tudu da na masu zuwa daga kwari.